Shekarar da Na Bar Kwalli

Ku 'ya'yana, na san abin da kuka taso kuna ji duk lokacin da kuka je Zurmi. Ba wanda ya taɓa faɗa muku a fili, amma kun tsinta a bakin zaure da bayan ɗaki, wai uwarku ta fara yi wa babanku takaba tun yana da rai. Saratu, ke ce kika taɓa kawo mini maganar kina 'yar firamare, na ba ki amsa da ranƙwashi. Har yau ina ganin kin cancanci ranƙwashin, don tsakar gida cike da baƙi kika tambaye ni, amma tambayar taki tana kan hanya. Yanzu furfura ta gama da kaina, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun kusa ƙarewa. Gara ku ji daga bakina, don mai ɗaki shi ya san inda ruwa ke zubar masa.

Ni 'yar Banga ce, kun sani, kuma ban san uwata ba, ina goye ta rasu. Da aka kawo ni Ƙaura gidan babanku, yana harkar hatsi, ya sayo gero da dawa a Moriki da Shinkafi ya tara a wani ɗaki kusa da tashar jirgi, sai Allah ya ba ni uwa a inda ban zata ba. Mahaifiyarsa, wadda kuke ce wa Inna ta Zurmi, ta riƙe ni kamar ita ta haife ni. Duk haihuwar da na yi ita ta zo ta yi mini wankan jego, ita ta dama mini kunun kanwa, in na yi nawa wajen sha ta zage ni tas, ta dawo kuma tana lallashi. Mutane kan ce ba su taɓa ganin suruka da matar ɗa irinmu ba. Ni kuwa ba suruka na ɗauke ta ba, kuma duk abin da zan faɗa a nan, ku riƙe wannan a ranku.

Inna gwanar kwalli ce. Dutsen take saye ta niƙa da hannunta, ta tace shi a ƙyalle har ya yi laushi, matan Zurmi su yi ta aiko da tandunsu. Ba ta sayarwa, kyauta take yi, kuma nawa ba ya yankewa, kafin wani ya ƙare wani ya iso a hannun direban Zurmi. Tana da wata magana da kowa ya san ta da ita.

"Mace biyu ka zama ba kwalli," in ji ta, "mai takaba, da wadda anka hidda rai da ita."

Ciwon ya fara mini ne bayan haihuwar Aminu, daidai lokacin da aka ba mu jiharmu aka raba mu da Sakkwato. Mutane na ta murna a titi, ni ina ɗaki ina susar ido. Ba ƙwayar idon ba ce ke ciwo, bakin fatar ne, daidai inda gashin ido ke tsirowa. Wurin ya yi ja, ya kumbura, wani abu kamar amosanin kai ya riƙa taruwa a gindin gashin. In na tashi da safe sai in ji idanun a liƙe, sai na jiƙa su kafin su buɗe, yini guda kuma kamar an watsa mini yashi a ciki. Ya lafa wata guda, in ce na rabu da shi, ya dawo. Ba abin da ban gwada ba. An ɗiga mini nonon mai jego, an ba ni rubutu na wanke fuska, an turara mini saiwar da ban san sunanta ba har na yi ta tari kamar tsohuwar akuya. Duk wanda ya gan ni kuma maganarsa ɗaya, a ƙara kwalli, ai shi ne maganin ido. Inna ta niƙa mini na musamman, ta haɗa da wanda wata hajiya ta kawo mata daga Makka. Ina sawa safe da yamma, har da tsakar rana.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a abin ya kai maƙura. Hazbiya ta fito mini a wannan ido, kafin ta fashe wata ta fito a ɗayan. Gashin idona ya fara zuba. Ba na iya tsince tsakuwa a shinkafa, hasken rana kuwa sai na kare da gyale. Wata rana na zuba wa Aminu ruwan zafi a ƙafa ban gan shi ba, yana tsugune gefen murhu. Ranar babanku ya ce ya isa haka. Washegari ya bar kasuwa ya kai ni asibiti.

Likitan wani ɗan siriri ne mai gilashi, ba ɗan ƙasarmu ba ne amma ya ji Hausa. Ya haska mini fitila, ya sa auduga ya goge bakin fatar, ya nuna mini audugar baƙi ƙirin. Ya ce a bakin fatar idon kowa akwai wasu 'yan ƙofofi da ke fitar da maiƙo, shi ke hana ido bushewa. Nawa sun toshe, wurin ya kumbura, ni kuma kullum ina ƙara cusa musu garin dutse da tsinken da mata da yawa suka sa a nasu idon.

"Wannan ciwon ba a warkewa daga shi gaba ɗaya," ya ce. "Zama ake yi da shi, amma in kin bi shi a hankali zai bar ki ki sha iska. Kullum ki tafasa ruwa, ki bar shi ya huce ya zama ɗumi, ki tsoma tsumma mai tsabta ki ɗora a kan ido a rufe. In ya huce ki sake. Sannan ki murza fatar a hankali, ki goge gindin gashin. Ga man shafawa. Ki rage zama cikin hayaƙi. Kwalli kuwa ki bar shi."

"Har yaushe, likita?" na tambaye shi.

"In kina son idonki, har abada."

Wallahi da ya ce in bar cin tuwo da ya fi mini sauƙi. Ku da kuka taso yanzu ba za ku gane ba. A shekarar nan ba abin da ake magana a Ƙaura sai komawa ga sunna. Mata mun cika Islamiyya, an ware mana motocinmu, har mazan da ba su taɓa riƙe tandu ba suna rangaɗa kwalli ranar Juma'a. A wannan lokacin ne ni, matar aure mai miji da rai, zan fita da ido fari fat. Na kai kukana ga malamarmu ta Islamiyya, ta ce addini bai ɗora wa kowa abin da zai cutar da shi ba, in bi maganar likita. Babanku ma da muka dawo gida bai tsaya dogon tunani ba.

"Rabi, garin gyaran gira ba a rasa ido," ya ce. "Ni aka yi wa kwalliyar, kuma ni na ce na yahe."

Na bari. Kullum da safe, kamar yadda kuke gani ina yi har yau, in zauna da kwanon ruwan ɗumi da tsummana. Sannu a hankali ƙaiƙayin ya ragu, idanun suka daina liƙewa. Maƙwabta sun yi tsegumi na ɗan lokaci suka gaji. Ni dai gabana yana faɗuwa ne duk sanda na ji an ce motar Zurmi ta iso.

Inna ta zo mana bayan ƙaramar Salla. Na tare ta a tsakar gida na durƙusa, na karɓi ƙullin kayanta. Ta amsa gaisuwata da fara'a, sai ta dube ni da kyau, fara'ar ta ɗauke.

"Ɗiyata, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Inna."

"To mi ya sami idonki? Kwallin ya ƙare ba ki aiko ba?"

Na kwashe bayanin likita na faɗa mata, da ƙofofin maiƙon, da audugar, da komai. Tana ji tana girgiza kai. Wannan kwallin fa hannunta ya niƙa shi, yau ga ni ina ce mata shi ke ƙara mini ciwo.

"Likita ne mijinki?" ta ce. "Shekarar da kowa ka komawa ga sunna, ke kina barin ta? Kin san mi mutane ka cewa in sunka ga matar aure haka? Mugun fata ne wanga, ɗiyata. Ba a kiran abu, sai ya amsa."

"Inna, shi ma ya sani. Shi ya ce in bari."

"Ni bai hwaɗa min ba."

To a nan gizo ke saƙar. Babanku ɗan fari ne. Tun da ta haife shi Inna ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta zama inda yake zaune. In ya zo gaishe ta daga bakin ƙofa yake durƙusawa, ita kuma ta kau da kai ta amsa wa bango. Iyakar maganarsu lafiya lau, ya gida, ya kasuwa. Mutumin da ba ya iya tambayar uwarsa ko ta ƙoshi, yaya zai buɗe baki ya yi mata zancen kwalliyar matarsa? Kunya ce, kuma a wurinmu kunyar nan ado ce, ba wanda ya taɓa ganin aibinta. Kwana da kwanaki tana gidan, suna wuce juna a tsakar gida, maganar na tsakaninsu ba mai iya ɗaga ta.

Ranar da za ta koma na kasa jurewa. Ban taɓa ganin ta tafi tana fushi da ni ba. Bayan babanku ya fita na ɗauko tandu na zizara kwalli a idanuna biyu, na fito. Allah sarki, sai ga Inna tana dariya har da tafa hannu.

"Yawwa, ga ɗiyata ta dawo! Da can kamar ba ke ba."

Ta tafi da farin ciki, ba ta ga abin da ya biyo baya ba. Kafin la'asar idanun sun fara zafi, washegari sun kumbura sun rufe ruf, Saratu ke jan hannuna zuwa bayan gida. Duk sauƙin da na samu ya rushe. Babanku mutum ne mai sanyi, tun da muke bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar.

"So kike ki makance ki bar mini yara? To ki ji da kyau, Rabi. In kin ƙara sa abin nan a idonki, ban yahe ba."

Ya fita ya dawo, ya ga ina kuka, jikinsa ya yi sanyi. Ya zauna ya karɓi tsumman ya matse da kansa ya ɗora mini. Ya ce in kwantar da hankalina, ya san yadda zai yi. Inna tana da yaya a Shinkafi, Kawu Ɗanladi, shi kaɗai ne in ya yi magana take ji. Zai same shi ya yi masa bayani, shi kuma ya je Zurmi ya gaya mata cewa da izinin miji aka bari. Na ce to. Amma kun san halin babanku da nauyin baki, ko da yake ku ƙanana ne lokacin. Wannan Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, ya ce kasuwa ta yi cinkoso, waccan ya ce bai sami Kawu shi kaɗai ba. Ana haka wata mata ta zo biki Ƙaura ta gan ni, ta koma Zurmi ta ba da labari cewa idona na nan fari. Inna ta ɗauka yaudararta na yi, na sa don ta gani, ta juya baya na goge. Daga nan direban Zurmi bai sake kawo mini saƙo ba.

Wata Alhamis cikin damina, da zai fita, na tsaya masa a bakin ƙofa.

"Malam, yau dai ka yi wa Allah ka ga Kawu."

"In sha Allahu yau ba ni dawowa sai na gan shi."

Ina tankaɗen garin tuwo bayan la'asar na ji sallamar maza a zaure, da yawa, kuma ba irin sallamar baƙi ba. Motar hatsin da suka hau ta zame a kan hanyar dawowa daga Shinkafi, an yi ruwa, ta kife da su. Mutum uku suka rasu, har da babanku. Ba zan iya rubuta muku abin da na ji ba. Na dai san rariyar na hannuna har aka shigo da shi, wata maƙwabciya ce ta ɓamɓare ta daga yatsuna.

A zaman makoki Inna ba ta ce mini komai ba, mai daɗi ko marar daɗi. Amma ina jin matan Zurmi a bayan ɗaki suna ƙus-ƙus, wai ai ta daɗe da shiri, wai mun faɗa ba a ji ba. Da Kawu Ɗanladi ya shigo yi mini gaisuwa na cire kunya na tambaye shi ko babanku ya same shi ranar.

"Mun gaisa a kasuwa," ya ce. "Ya ce yana da magana da ni, sai anka kira shi wajen awo, hadari kuma ya taso. Ya ce in Allah ya kai mu mako mai zuwa. Ban san ko ta mi ce ba."

Shi ke nan. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya wanke ni, an kai shi makwancinsa da maganar a bakinsa.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma. Yanzu ba mai tambayata ina kwalli, kowa ya ga daidai ne. Na yi kuka har na gaji, amma ko ranar da ban iya cin abinci ba ban fasa tafasa ruwana ba, don shi ne abu na ƙarshe da ya nema a wurina. Ba na girki, maƙwabta ke kawo mana, saboda haka na huta da hayaƙi. Abin da ya fi ba ni haushi da baƙin ciki shi ne a cikin waɗannan watannin ne idanuna suka yi kyan da ba su taɓa yi ba tun haihuwar Aminu. Jan ya tafi, kumburin ya sace, gashin ya sake tsirowa. Sai in dubi madubi in kife shi, don wanda ya kamata ya gani ba ya nan.

Ranar fitar takaba mata suka taru. Aka yi mini wanka da kitso, aka ba ni sabon zane, aka dafa abincin sadaka. Ban sa ran Inna ba, sai ga ta da hantsi, ta rame, tana dogara sanda. Ta zauna a gabana a kan tabarma, ta kwance bakin zanenta ta fito da tandu. A al'adarmu wata babba ce ke sa wa mai fita takaba kwallin farko, kuma kowa a ɗakin ya gane abin da ta zo yi. Ta taho ne tun daga Zurmi ta rufe bakin mutane da hannunta, ta ce ta yafe, ta mai da ni ɗiyarta a gaban kowa. Ta tsoma tsinken ta ɗago.

"Matso, ɗiyata. Abin da ya wuce ya wuce."

Ku 'ya'yana, ban taɓa son wani abu a rayuwata kamar yadda na so in matsa ranar ba. Kumburin ido ba zai hana ni ba, na saba da shi, da na sha wuyata na mako guda a kan Inna. Amma mutumin ya ce bai yafe ba, kuma ya tafi inda ba zan iya bin sa in roƙe shi ya janye ba. Na sa tafin hannuna biyu na rufe fuskata.

"Inna, ki yi mini rai. Shi ya hana ni. Ya ce in na ƙara bai yafe ba."

Ta daɗe da tsinken a sama. Sannan na ji ta mai da shi cikin tandu.

"Wanda ke ƙasa ba shi musu," ta ce.

Ta miƙe. Mata suka yi ta ba ta haƙuri, ta tsaya ko ruwa ta sha, ba ta saurari kowa ba. Na ɗauki gyale na bi ta. Rabon ƙafata da waje tun rasuwar, fitata ta farko ke nan, ina bin bayan Inna zuwa tashar mota. Na karɓi ƙullin kayanta, ta sakar mini ba ta dube ni ba. Muka ratsa kasuwa har tasha. Na sama mata wuri a motar mata, gefen taga, na ɗora mata kayan a cinya, na tsaya a waje ina jiran motar ta cika. Ina ta addu'a a raina kada ta cika da wuri.

Da direba ya tayar da mota sai ta juyo. Ta dube ni a cikin hasken rana, ta daɗe tana duban idanuna kamar yadda likitan nan ya yi. Na ga ta gani. Ba makauniya ba ce, kuma ba ta taɓa yin ƙarya don ta ci gardama ba.

"Sun warke kuwa, ɗiyata," ta ce. "Nawa ne ba su warkewa."

Motar ta ja. Inna ta ƙara shekaru a duniya, kun je kun gan ta, ta ba ku gyaɗa da fura, ba ta taɓa faɗa muku mummunar kalma a kaina ba. Ni ma na je Zurmi ba sau ɗaya ba, in durƙusa a bakin ƙofarta in gaishe ta, ta kau da kai ta amsa wa bango. Waccan ta tasha ita ce maganar ƙarshe da ta yi mini tana kallon fuskata.